Me Ya Haɗa Mu da Mutuwar Taurari?

A ranar 12 ga watan Yuli, 2022, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta fito da wasu daga cikin hotunan farko da madubin hangen nesa mai suna James Webb ya ɗauko. A cikinsu akwai wani hoto mai kama da zobe. Tsakiyarsa shuɗiya ce, gefensa ruwan goro, ga kuma tauraro yana ƙyalli a ciki. Mutane da yawa sun adana hoton a wayoyinsu saboda kyansa, ba tare da sun san abin da suke kallo ba. Hoton tauraro ne da ya zo ƙarshen rayuwarsa. Zoben nan kuwa jikinsa ne da ya zubar.

Wataƙila da jin haka za ka yi tambayar da mutane da yawa suke yi: me ya haɗa mu da wannan? An kashe wajen dala biliyan 10 kafin a kammala madubin Webb. Ga mutane suna kwana da yunwa, ga asibitoci ba magani, ga yara suna karatu a ƙarƙashin bishiya. Ina amfanin leƙen tauraron da ke mutuwa a wurin da babu wanda zai taɓa zuwa? Wannan tambaya ce ta mai hankali, kuma ta cancanci amsa. Ra'ayina shi ne kuɗin bai tafi a banza ba, kuma ilimin da aka samo ya shafe ka kai da kanka. Zan jera maka hujjojina, kai kuma ka auna su.

Da farko, ya kamata ka san yadda tauraro yake mutuwa. Rana ma tauraruwa ce, ta fi sauran girma a idonmu ne kawai don ta fi su kusa da mu. Tauraro dunƙulen iska ne mai tsananin zafi, mafi yawansa haidirojin. Nauyinsa yana danne shi zuwa ciki, zafin da ke tsakiyarsa kuma yana tura shi zuwa waje. A tsakiyar Rana zafin ya kai digiri miliyan 15 a ma'aunin Salshiyas. A cikin wannan zafi ne haidirojin ke narkewa ya haɗu ya zama hiliyam, kuma daga nan haske yake fitowa. Rana tana juya kimanin tan miliyan 600 na haidirojin zuwa hiliyam a kowace daƙiƙa. Muddin akwai makamashi, ƙarfin da ke dannewa da wanda ke turawa suna yin kunnen doki, sai tauraro ya zauna lafiya.

Amma kowane murhu yana da ranar da itacensa zai ƙare. Idan haidirojin ya ƙare a tsakiya, sai cibiyar tauraron ta tsuke ta ƙara zafi, sauran jikinsa kuma ya kumbura ya yi ja. Masana suna kiran irin wannan tauraro jan ƙato. Idan zafin cibiyar ya kai digiri miliyan 100, sai hiliyam shi ma ya fara haɗuwa yana zama kabon da oksijin. Daga ƙarshe tauraron yakan riƙa kumbura yana motsewa kamar mai numfashi da ƙyar, yana fesar da ɓawonsa zuwa sarari. Iskar da ya fesar tana gudun kilomita 20 zuwa 30 a daƙiƙa, wato za ta yi tafiyar Legas zuwa Kano cikin ƙasa da minti ɗaya. Bayan ɓawon ya tafi, sai cibiyar ta bayyana tsirara. Haskenta mai ƙarfi yakan bugi iskar da ta kewaye ta, ita kuma ta ɗauki haske, ta yi launi iri-iri. Wannan hazo mai haske shi ne zoben da ka gani a hoto. Masana suna ce masa nebula, kalmar Latin ce da ke nufin hazo ko gajimare.

Hazon ba ya daɗewa. Cikin shekara kamar 20,000 yakan baje ya ɓace. Tauraro irin Rana kuwa yana rayuwa wajen shekara biliyan 10. Idan ka kwatanta da mutumin da ya shekara 70, hazon bai wuce awa ɗaya da 'yan mintoci na rayuwarsa ba. Shi ya sa, duk da ɗimbin taurarin da ke cikin babban rukunin da Rana take, irin wannan hazo da aka gano bai wuce dubu uku da 'yan kai ba. Abin da ke saura bayan hazon ya watse shi ne cibiyar, wadda ake kira farin wada. Girmanta kamar na Duniyarmu ne, amma an cusa mata kusan rabin nauyin Rana ko fiye. Cikin ƙaramin cokali ɗaya na jikinta zai yi kusan nauyin giwa.

Ga hujjata ta farko: wannan labarin Ranarmu ne. Rana ta shekara kusan biliyan 4.6, kuma lissafi ya nuna tana da sauran kamar biliyan 5 kafin ta zama jar ƙatuwa. A lokacin za ta haɗiye duniyoyi biyu da suka fi kusa da ita, wato Makuri da Zuhura, wadda Hausawa suke kira Zara. Babu ɗan Adam da zai rayu ya ga tauraro ɗaya tun daga haihuwarsa har mutuwarsa. To, ta yaya aka sani? Ka ɗauka baƙo ne ya shigo gari ya kwana ɗaya tak. Zai ga jariri a goye, ya ga yara suna wasa, ya ga samari, ya ga dattawa, ya ga kuma ana ɗauke da makara. Cikin yini guda ya ga rayuwar mutum gaba ɗaya. Haka masana suke yi da taurari. Duk hazon da suka duba, wani babi ne na abin da zai sami Ranar da take nunar da hatsinmu, take kuma tayar da giragizan damina. Mutumin da ke cin moriyar abu kullum, bai kamata ya ce sanin asalinsa da makomarsa aikin banza ne ba.

Hujja ta biyu ta fi ta farko kusa da kai, domin tana cikin jikinka. Kusan kashi 18 cikin ɗari na nauyin jikin mutum kabon ne. Shi ne kuma ke cikin gawayi, da bakin fensir, da tuwon da ka ci jiya. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da kake shaƙa naitirojin ne, sinadarin da manomi yake nema a cikin takin zamani. A farkon samuwar sararin samaniya kusan babu komai sai haidirojin da hiliyam. A cikin taurari aka ƙera sauran. Ƙarfen da ke cikin jininka da mafi yawan oksijin sun fito ne daga taurarin da suka fashe. Amma kaso mai yawa na kabon da naitirojin ya fito ne daga taurari matsakaita, waɗanda suke zubar da ɓawonsu sannu a hankali. Da ba su zubar ba, da sinadaran sun zauna a kulle a cikinsu.

Kada ka ɗauka wannan zance ne kawai na baki. A shekarar 1969 wani dutse ya faɗo daga sama kusa da garin Murchison a ƙasar Ostareliya. Da aka bincika shi, sai aka sami 'yan ƙwayoyin ƙura a cikinsa waɗanda suka girmi Rana kanta. Nazarin sinadaransu ya nuna yawancinsu sun daskare ne a cikin iskar da tsofaffin taurari suka fesar. Ke nan ƙurar taurarin da suka mutu ta shiga cikin abin da ya haɗu ya zama Rana da Duniya. Wanda ya dubi hoton hazon tauraro yana kallon yadda ake tanadin kayan da wata rana za su shiga ginin wasu taurari da wasu duniyoyi. Mai imani zai ga hikimar Mahalicci a nan, mai son bincike kuma zai ga aikin yi. Mutum ɗaya yana iya zama duka biyun.

Hujja ta uku ita ce wadda na fi so ka riƙe a matsayinka na ɗalibi. Tarihin binciken wannan hazo darasi ne a kan yadda ilimi yake gyara kuskurensa. Wani masani Bafaranshe mai suna Charles Messier ne ya fara ganin irinsa a ranar 12 ga Yuli, 1764, wato shekara 258 cif kafin ranar da aka fito da hoton Webb. A ƙananan madubai na wancan zamani, hazon yakan fito kamar ɗan faifai mai kore-kore, kamar duniyar Yuranus da William Herschel ya gano a 1781. Saboda haka aka raɗa masa sunan da ke nufin hazo mai kama da duniya, sunan da aka fi dangantawa ga Herschel. Yau an san ba shi da wata alaƙa da duniyoyi, amma sunan ya riga ya bi shi.

Wannan shi ne kuskure na farko. A 1864 wani Bature ɗan Ingila, William Huggins, ya duba hazon da ake kira Idon Kyanwa da na'urar da ke rarraba haske zuwa launuka kamar bakan gizo. Ya gano cewa iska ce mai haske, ba tarin ƙananan taurari ba. Sai dai ya ga wani koren haske da bai dace da na kowane sinadari da aka sani ba. Aka zaci sabon sinadari ne, har aka sa masa suna nebuliyam. An shekara fiye da 60 a kan wannan zato, sai a 1927 Ira Bowen na Amurka ya nuna cewa oksijin ne. Iskar da ke can ba ta da kauri ko kaɗan, shi ya sa oksijin yake ba da hasken da ba ya bayarwa a nan ƙasa. Aka jefar da nebuliyam, ilimi ya ci gaba.

Ko madubin Hubble ma da kuskure ya fara. An harba shi a ranar 24 ga Afrilu, 1990, yana ɗauke da madubi mai faɗin mita 2.4. Hotunansa na farko sun fito dishi-dishi, domin an yi kure wajen goge madubin, kuren da bai wuce kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin gashin mutum ba. An yi wa hukumar dariya, an zarge ta da ɓarnar kuɗi. A watan Disamba na 1993 'yan sama jannati suka je suka sa masa na'urar gyara, kamar yadda ake ba mai raunin gani tabarau. Bayan nan ne ya aiko da hotunan da suka girgiza masana. Da yawa suna tsammanin tauraro mai siffar ƙwallo zai zubar da hazo mai siffar ƙwallo. Sai ga Idon Kyanwa da zobe a cikin zobe, ga wani kamar malam-buɗe-littafi da fukafukai biyu, ga wani kamar kalangu, tsakiya a tsuke, baki biyu a buɗe. Gani ya kori ji. Dole aka sake tambaya: me yake sassaƙa waɗannan siffofi?

A nan ne madubin Webb ya shigo. An harba shi a ranar 25 ga Disamba, 2021, daga Kourou da ke Giyanar Faransa a Kudancin Amurka. Madubinsa yana da faɗin mita 6.5, an haɗa shi da falle 18 masu kusurwa shida, an shafe su da ruwan zinariya. Yana zaune a nisan kilomita miliyan 1.5 daga Duniya. Za ka iya tambaya, me ya hana a kafa shi a kan dutse a huta? Ka tuna yadda hazon hunturu yake rufe gari har ka kasa hango ƙarshen titi. Iskar da ta lulluɓe Duniya tana yi wa masu duban sama irin wannan cikas kullum. Tana sa taurari ƙifce-ƙifce, kuma tururin ruwan da ke cikinta yana shanye hasken infared, wanda ido ba ya gani amma fata tana jin ɗuminsa. Wannan haske shi Webb yake gani, kuma yana ratsa ƙurar da ke tare hasken da muka saba da shi.

Mu koma ga zoben da muka fara da shi, wanda ake kira Zoben Kudu. Nisansa ya wuce shekarar haske 2,000, shekarar haske kuwa ita ce tafiyar da haske yake yi cikin shekara guda, kusan kilomita tiriliyan 9.5. Hasken da Webb ya kama ya baro can tun zamanin da mutanen Nok suke ƙera gumakansu na yumɓu a ƙasar da ta zama Nijeriya. A tsakiyar zoben akwai taurari biyu, ɗaya mai haske sosai, ɗaya kuma ɗan mitsitsi. Kowa ya duba zai ce mai hasken ne ya yi aikin. Ba shi ba ne. Ɗan mitsitsin nan ne ya zubar da hazon, kuma Webb ya nuna shi lulluɓe da ƙura. A watan Disamba na 2022 masana kusan 70 ƙarƙashin jagorancin Orsola De Marco ta Jami'ar Macquarie a Ostareliya suka buga nazarinsu. Sun kawo hujjar cewa akwai aƙalla wasu taurari biyu da ba a gani, waɗanda kewayawarsu ta taimaka wajen ba hazon siffarsa. A watan Agusta na 2023 kuma hotunan wani hazon, mai suna Zobe, suka nuna dunƙule-dunƙulen iska wajen 20,000, da layuka kamar goma a kewaye da shi, waɗanda suka samu ɗaya bayan ɗaya kusan kowace shekara 280. Wannan ma alama ce ta abokin zama da ke kewaya tauraron. Amsar tana ƙara fitowa fili: sau da yawa taurarin da ke kusa su ne suke sassaƙa hazon mai mutuwa.

Akwai masu wata suka daban. Suna cewa, tunda ido ba ya ganin infared, launukan hoton ƙirƙira ce, saboda haka yaudara ce. Gaskiya ne cewa mutane ne suke zaɓar launukan, amma bisa ƙa'ida suke yi. Hasken da zangonsa ya fi gajarta ana ba shi shuɗi, wanda ya fi tsawo ana ba shi ja, sauran kuma a jera su a tsakani. Kai da kake koyon Hausa ka san irin wannan aiki. Idan kakarka ta yi magana da Yarabanci ko Ibo ko Tibi, ka mayar wa abokinka da Hausa, ka sauya sautin amma ba ka yi mata ƙarya ba, muddin ka riƙe ma'anar. Launukan nan fassara ce daga harshen da ido ba ya ji zuwa wanda yake ji.

Saura maganar kuɗi, kuma ba zan ɓoye maka komai ba. Aikin Webb ya makara da shekaru fiye da goma, kuɗinsa ya ninka abin da aka tsara sau da yawa, har a 2011 wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ya nemi a soke shi. Masu wannan ƙorafi suna da hujja, domin duk wanda ya riƙe dukiyar jama'a dole ya ba da bayani. Amma ka yi lissafi. Idan aka raba dala biliyan 10 ga mutanen Amurka fiye da miliyan 330, kowa zai biya kusan dala 30, kuma an kashe su ne cikin shekara fiye da 20. Kasafin NASA gaba ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kasafin gwamnatin ƙasar ba. Yunwa da rashin magani suna da dalilansu: yaƙi, da fari, da rashin adalci, da satar dukiyar jama'a. Da an soke Webb a 2011, ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai gushe. Abin da zai gushe shi ne ilimin.

Ilimin nan kuma ba a kulle shi a akwati ba. Ana ajiye bayanan Hubble da na Webb a wata cibiya da ke Baltimore, kuma bayan ɗan lokaci ana buɗe su ga kowa ta intanet kyauta. Ɗalibin da ke Inugu ko Ibadan ko Fatakwal yana iya sauke bayanan da farfesa a Turai yake aiki da su. Abin da zai raba su shi ne sanin lissafi da kimiyya da aiki da kwamfuta. Nijeriya ta kafa hukumarta ta sararin samaniya, NASRDA, a 1999, ta harba tauraron ɗan Adam nata na farko a 2003, tana kuma da cibiyar nazarin sararin samaniya a Nsukka. Ƙofar tana nan, masu shiga ne suka yi kaɗan. Kada kuma ka ce ka yi ƙanƙanta. A 1930 wani saurayi Ba'indiye ɗan shekara 19, Subrahmanyan Chandrasekhar, yana cikin jirgin ruwa zuwa Ingila ya fara lissafin da ya nuna cewa nauyin farin wada yana da iyaka, wadda aka tabbatar kusan ninki 1.4 ce na nauyin Rana. Takarda da alƙalami ne kayan aikinsa. A 1983 aka ba shi lambar yabo ta Nobel.

Abin da nake tsoro shi ne mu zauna muna 'yan kallo: wasu su gano, wasu su raɗa suna, mu kuma mu tura hoto a waya mu ce ya yi kyau. Hausawa sun daɗe suna duban sama, sun ba Zara suna, sun ba Kaza da 'Ya'yanta suna. Sauran al'ummomin Nijeriya ma haka. Abubuwan da madubin zamani yake nunawa suna jiran sunaye da bayani a harsunanmu, kuma wanda ya haɗa kimiyya da harshe shi zai yi wannan aiki.

Saboda haka ga abin da nake so ka yi. Wani dare a watan Janairu ko Fabrairu, idan hazo ya lafa, ka fita waje bayan ƙarfe takwas, nesa da fitilu. Ka nemi taurari uku masu haske da suka jeru a layi ɗaya. Ka bi layin da ido zuwa kudu maso gabas, za ka ga tauraron da ya fi kowane tauraro haske da dare, wanda ake kira Siriyus. Nisansa shekarar haske 8.6 ne. Yana da abokin zama da idonka ba zai gani ba, wanda aka fara hangowa da madubi a 1862. Farin wada ne, cibiyar tauraron da ya riga ya zubar da ɓawonsa tun da daɗewa. Ka dube shi da kyau, sannan washegari ka je wa malaminka da tambayoyin da suka zo maka.